Famfon Tagullar Baba

Shekara talatin da huɗu Babanmu ya yi yana gyaran injin ruwa. Na rijiyar burtsatse, na tura ruwa saman bene, babu wanda hannunsa bai shiga cikinsa ba. Mai Famfo ake ce masa, har Inna in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Ba ya kwance inji sai ya ɗora masa tafin hannu ya yi shiru, kamar mai duba zazzaɓin yaro, can ya ce, "Farfela ce ta cinye." Kuma in an buɗe ita ce ɗin, 'yar fankar nan da ke tura ruwa. Abu ɗaya ya tsana a duniya, roba. A wurinsa wanda kake ƙauna tagulla kake sa masa, don ba ta tsatsa, har jikoki sai su gada.

Yayana kuwa, ɗansa na fari, tun da ya yi hankali bai taɓa cewa Baba ya kama masa wani aiki ba. Ba faɗa suke yi ba. Gaisuwa ce dai kamar ta maƙwabta, a tambayi lafiya kowa ya kama gabansa. Abin yana cin Baba, ko da yake ba zai faɗa ba.

A falon Yaya akwai ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, wanda ya yi shekara bakwai yana reno. Da kifaye, amma abin ji da shi su ne murjani masu rai, halittun teku masu kama da tsiro, da ke manne a duwatsu, wasu kore shar masu gashi, wasu masu rassa. A jikin gilashin akwai wasu 'yan famfuna biyu baƙaƙe, wannan ya hura ya tsaya, wancan ya karɓa. Ranar da Baba ya fara ganinsu ya ce, "To, ruwan ina zai je?"

Yaya ya ce, "Babu inda zai je, Baba. Murjani ba ya tafiya, sai ruwa ya kawo masa abinci ya wanke masa datti. In ruwan ya tsaya, ya mutu."

Da aka tura Yaya kwas na mako shida, ni na zaci zai bar wa akwatin. Sai ga shi ya zo gida ya durƙusa ya ce Baba ya kula masa. Wayyo, ku zo ku ga tsoho! Kullum da safe sai ya yi wanka ya zauna jirana in kai shi a mota, takardar dokokin Yaya a aljihunsa, har ta yi laushi don karatu.

Mako na biyu famfunan suka mutu, duka biyun, abin da ke juya su ne ya ƙone. Na ciro waya zan kira Yaya, Baba ya riƙe mini hannu. "Uwata, daga ba ni amana sai in kira shi ina kuka? A kan famfo? Ni?"

Muka tafi shagon masu kifin ado. Mai shagon ya baje mana famfuna a kan tebur, ya yi bayani tiryan-tiryan: ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, ruwan ya fito da faɗi ba kamar na tiyo ba, kuma kada a saita shi a kan murjani, zai saɓule masa nama. Baba ya saurara da kyau, har tambayoyinsa suka burge mutumin. Sannan ya ɗaga famfunan ɗaya bayan ɗaya yana jijjigawa a hannu. Duk roba. Ya ajiye ya ce mun gode.

Nan ne laifina, ba zan ɓoye ba. Da na matsa da mun saya. Amma ni ma kaina ya kumbura, ina cewa a raina me wannan zai koya wa Mai Famfo?

A gida ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ciro wani ɗan famfon tagulla da ya yi shekaru yana ɓoyo, ya hana kowa. Yini biyu ya yi a kansa. Ya goge farfelar don ruwan ya yi laushi, ya yi masa baki biyu masu faɗi, ya je ya kafa shi a ƙarƙashin teburin da akwatin gilashin yake kai. Da ya kunna, wallahi sai da na yi tafi. Murjanin nan suka shiga rausaya, Baba yana ta murmushi shi kaɗai.

Kwana huɗu sai 'yan dodon koɗin da Yaya ya sa a ciki don lashe dattin gilashi suka fara zubowa ƙasa. Murjani suka tsuke. Baba ya rage ƙarfin ruwa, ya ƙara, ya sake ragewa. Ya ɗora hannu a kan famfo, lafiyarsa ƙalau. Masu rassan suka fara yin fari fat daga tushe, nama yana ɓallewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Dole na ɗauko mai shago.

Yana leƙa ƙarƙashin tebur ya yi salati. "Baba, wannan tagulla ce?"

"Zalla," in ji Baba, har da ɗaga kai.

Mutumin ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce gishiri yana cin tagulla kaɗan-kaɗan, ita kuma guba ce ga murjani, kuma ta riga ta shige duwatsu da yashi. Muka cire famfon. Muka canza ruwa, jarka bayan jarka, har bayana ya riƙe. A banza. Kullum mu zo mu tarar da wani ya tafi, ba mu da abin yi sai kallo. Baba ya zauna a kujera yana maimaita magana ɗaya, "Uwata, ai mai kyan na sa masa." Ni kuwa sai in shiga kicin in sha kukana.

Da Yaya ya dawo ya daɗe a tsaye gaban fararen duwatsun. Na so ya yi ihu, ya fasa wani abu, a yi ta ta ƙare. Sai kawai ya ce, "Ba komai, Baba. Sannu da ƙoƙari."

Bayan wata biyu muka je gidansa muka tarar yana haɗa sabon akwati. Wani bututu yana ɗiga a mahaɗa, ya kwance ya naɗa zaren hana ɗiga ya ɗaura har sau uku, bai daina ba. Baba yana zaune taku biyu daga wurin, ya zuba wa bututun ido, leɓensa yana motsi. Yaya ya goge hannu, ya ɗauki waya, ya kira mai shago ya ce ya zo ya duba masa.

Baba ya ce in mai da shi gida. Sai da muka yi nisa ya ce, "A baibai yake naɗa zaren. Ki gaya masa." Na miƙa hannu zan ɗauki waya, ya ce, "A'a, bar shi. Mutumin zai gani."