Abin da Ke Shan Kuran a Gidanmu

Shekara ashirin da wani abu muka yi a gidajen kamfani a Arlit, ban taɓa sanin kuran, wato wutar lantarki, yana da kuɗi ba. Can ba a biya. Fitila ta kwana ta wuni a kunne, ba mai cewa uffan. Sai da maigidana ya yi ritaya muka koma cikin gari, shekarar da tawaye ya sake tashi, sannan muka san kontar: ɗan akwati a bangon zaure, da faifai a ciki yana juyawa daidai yadda gida ke shan wuta.

Maigidan yana da ciwon sukari. Allurarsa daga Agadas ƙanensa ke aiko mana, kuma dole ta zauna cikin sanyin firigo. Ga hanya ta lalace. Mota ba ta tafiya sai cikin ayari da rakiyar soja, saboda nakiyoyi, wani lokaci a daɗe ba a ga ayarin ba. Itace ya yi tsada, gas kuwa sai labari. Ni kuma na gaji da hura kwali ina hawaye. Na sayi resho na kuran a kasuwa, na ɓoye ƙarƙashin gado, don na san halin mutumina. Da ya fita majalisarsu da hantsi sai in jawo abina, in dafa wake, in tuƙa tuwo, in mayar. Bayan azahar in tafi makarantar matan aure, sai magariba.

Da takardar kuran ta zo, ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Firigon nan ne," ya ce. "Shi kaɗai ke wuni yana gurnani."

Na san ba shi ba ne. Amma buɗar bakina sai na ce, "Ai tsoho ne, Malam." Har yau in na tuna wannan magana kunya ke kama ni.

Cikin makonnin nan ya fara ramewa. Ya sha ruwa kamar ba gobe, buta ba ta barin hannunsa, yana cewa hazo yake gani. Na tasa shi gaba da faɗa, na ce dabino yake ci a majalisa, yana shan shayinsu mai sukari. Ya rantse, na ce ya riƙe rantsuwarsa.

Takarda ta biyu ta fi ta farko. Ranar, wani abokinsa da ya yi aikin wuta a Cirozerin ya koya masa dabara: a kashe komai, a riƙa kunnawa ɗaya-ɗaya ana kallon faifai. Ya tsaya a zaure, ni ina ciki ina kunnawa. Fitila, faifan da ƙyar ya motsa. Fanka, ya ɗan ja jiki. Talabijin ma haka. Sai na jona firigo.

"Ikon Allah," ya ce. "Wannan ai tafiyar hawainiya ce. To wa ke sha?" Can sai ya ɗauki hularsa. "Maƙwabcin nan ne ya ja mana waya. Yau zai sani."

Mutumin da matarsa ke ba ni aron turmi! Na ce, "Malam, tsaya." Na shiga ɗaki na jawo reshon, na jona a gabansa. Faifai ya kama gudu kamar mazari.

Na shirya amsoshina tsaf: tsadar itace, hayaƙi, idona. Jira nake ya ɗaga murya in ɗaga tawa. Sai kawai ya zauna a kan benci.

"Ashe a banza nake cire shi."

"Cire me?"

"Firigon. Kina fita makaranta in cire, sai na ji kiran magariba. Bayan isha ma in cire, in mayar da asuba kafin ki fito."

"Tun yaushe?"

"Tun takardar farko."

A zafin Arlit! Na ruga na buɗe firigo, na ɗaga kwalbar allurar a haske. Ruwan da na sani garau ya yi dishi-dishi. Shi ke yi wa kansa allura, kuma ba ya gani sosai. Wata guda ke nan yana tsira wa jikinsa abin da ya riga ya mutu, ni ina yi masa faɗan dabino. Na zauna nan ƙasa da kwalbar a hannu.

Asibitin gari ba su da irin tasa. Kullum sai na je tasha in tambaya, a ce mini ayari bai taso ba. Sai rana ta tara ya iso.

Jikinsa ya dawo, idanun ne ba su dawo ba. Har ya rasu bai taɓa yi mini gorin reshon ba. Duk wanda ya zo dubiya, cewa yake shi ya cire firigo da hannunsa. Wallahi da ya zage ni ranar nan, da ya fi mini sauƙi. Shekara shida ni nake karanta masa takardar kuran.