Baiwa Mai Amada da Akwatunan Lasifika

Duk wanda ya tashi a Gwadangaji tun muna jihar Sakkwato ya san Baiwa mai amada. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, bakinta ba ya rabo da goro. Wunin suna ko na biki, in ba ta zo da matanta da ƙorensu ba, sai ka ji ana cewa taron bai yi armashi ba. Ita ke ba da waƙa, Laure ƙanwar mijinta ke jan 'yan amshi.

To, shekaru suka tura, murya ta soma dushewa. Waƙar tana nan daram a kanta, amma da zarar ƙwarya ta ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, sai dai a ga bakin Baiwa yana motsi. Masu biki suka fara kai goron gayyata wurin wasu matasan mawaƙa.

Laure ta ce, "Yaya, ki huta hakanan. Kin yi naki."

"Wa yac ce miki na ƙare? Murya ce tar rage, waƙa na nan."

Ta taɓa ganin lasifika wurin makaɗa maza, ta kuma san na kanti sun fi ƙarfinta. Sai aka nuna mata Maigandi, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Birnin Kebbi, wanda ke haɗa wa ƙananan makaɗa nasu da sauƙi. Yakan sayo lasifikar tsirara, kafinta ya buga mata akwatin katako, a rufe fuskar da yadi. Ya haɗa mata guda biyu.

"Inna, akwatunan ga ba su da ƙarfin kansu," in ji shi. Ya dafa amfilifaya. "Wanga ka ba su ƙarfi, shi kuma shi sha daga batirin mota. Ni ka murɗa shi."

"Ka murɗa shi ina? Gidajen da nika waƙa, namiji ba shi shiga."

Can Maigandi ya ce ai waya ba namiji ba ce. Shi ya zauna a zaure da amfilifaya da batir, a ja dogayen wayoyi zuwa tsakar gida.

A wani suna a Badariya aka gwada. Kun san zaure, abin da ke isowa can sai rugugin ƙwarya. Maigandi yana ta ƙara sauti, yana zaton ba a ji. Baiwa kuwa waƙa ta yi mata daɗi, ta taso da makirufo tana rausaya, ta zo gaban akwati. Abin ya saki wata ƙara mai tsinka kunne, jariri ya tsala kuka, awaki suka tsinke igiya. Kafin a kai wa Maigandi saƙo, lasifika ɗaya ta yage. Mata suka yi dariya har da riƙe ciki, wata ta ce Baiwa ta sayo aljani ta sa a akwati.

Washegari da hantsi sai ga ta a shagon, ta shimfiɗa gyalenta a kan benci ta zauna.

"Inna, na ɗauka kin yi fushi."

"Na yi. Liƙe wadda tay yage, ka koya mini murɗawa. Kai kana zaure kamar makaho, ni nika ganin mutane."

"Rubutun jikinsa fa duk Turanci na."

"Shi ma batirin, Turanci yaka ji?"

Haka ta riƙa zuwa. Ta ɗaura jan zare a wayar da ke zuwa jan kan batir, don kada ta juya su. Ta ɗiga jan farce a inda maɓallin sauti ba ya wucewa. Ta gane akwatunan gabanta za su zauna, su ba ta baya, su fuskanci mata. Ta gane in an ɗora su a kan kifaffen turmi sun fi kaiwa nesa. Ran da ta haɗa wayoyin batir suka yi tartsatsi har suka ƙona mata yatsa, ta tsotse shi ta ce a sake.

Da aka girbe shinkafa, gayyatar biki ta zo daga Argungu, daga wani babban gidan masunta mai sassa da yawa. Wadda ta kira ta ma don tsohon zumunci ta kira. Suka hau a-kori-kura da kaya. Maigandi ya raka su iyakar zaure, mata suka ɗauki akwatuna a ka, Laure ta sungumi batir tana mita cewa ita amshi ta zo yi, ba dako ba.

Baiwa ta kifa turame biyu, ta jona wayoyi, ta aje amfilifaya a gefen tabarmarta. Mata sun kewaye ta suna jiran a yi abin dariya, don labarin Badariya ya riga ta isowa. Ƙwarya ta ɗauka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta soma a hankali, da dusasshiyar muryar nan tata, hannun hagu a kan maɓalli. In guɗa ta tashi ta ƙara kaɗan, in ta lafa ta rage. Ta jero kakannin amarya ɗaya bayan ɗaya, masu kamun kifi da taru da masu kamu da homa, kowane suna ya fita sarai. Tsofaffin da ke can ƙuryar gida, waɗanda ƙafa ta hana fitowa, suka aiko a tambaya wace ce wannan da ta san iyayensu haka.

Da la'asar ta yi sanyi suka fito. Maigandi ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Inna, ya aka ƙare?"

"Kai dai ka kai batirin ga caji gobe da sassafe. Gida biyu sun ba ni goro, ɗaya Juma'a, ɗaya Lahadi."