Gidan yamma

Yayata tana da 'ya'ya uku, amma in ka tambayi mijinta huɗu zai ce. Na huɗun firjin kantin maganinta ne, har mun sa masa suna Auta. Ɗan guntu ne fari, a bayan kantar sayar da magani yake, cike da allurar masu ciwon suga. A jikin ƙofarsa akwai ma'aunin sanyi da takarda mai gida-gida. Ƙarfe takwas na safe da huɗu na yamma Yaya takan duba ma'aunin, ta rubuta lamba, ta sa hannu. Dokar sana'arsu ta ce kada ya sauka ƙasa da biyu, kada ya haura takwas. Shekara goma sha tara tana wannan bauta.

Saboda Auta ba ta kwana ko'ina. In dangi suka taru, uku da rabi za ka ga tana lalubar takalmi. Mun yi tsiya, mun yi fushi, mun gaji.

Ranar da 'yarta ta fari ta haihu a wani gari, ni na matsa mata ta je. Ni malamar firamare ce, na ce wadda ke kiran sunan yara sittin kullum, lamba ɗaya ce za ta gagare ta?

"Ba sayarwa za ki yi ba," in ji ta tana miƙo min makulli. "Ki buɗe, ki duba, ki rubuta, ki rufe. Sau biyu a rana. Kin ji ko?"

"Haba Yaya, sai ka ce jariri kika bar min."

Da safe na je na duba. Biyar. Na bi takardar da ido har sama: biyar, biyar, huɗu, biyar. Ga zafin rana, ga nisa, ga takardun jarrabawa na jirana. Sai na yi abin da mukan yi wa rajista ranar da aiki ya sha kanmu, na cike gidan yamma da na gobe gaba ɗaya. Har da gyara hannu don rubutun ya yi kyau.

Washegari da hantsi ta dawo ta kira ni. Na same ta tsaye gaban firjin, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha ɗaya."

"To wa ya duba na huɗun yammacin yau?"

Ta danna wani maɓalli a jikin ma'aunin, wanda ban san da shi ba, ya nuno mafi zafin da firjin ya kai bayan tafiyarta: talatin da ɗaya. Ashe an ɗauke wuta, batirin da ke riƙe firjin ya ƙare, wutar ta dawo, Auta ya koma biyar ɗinsa kamar ba abin da ya faru.

"Awa nawa ya yi a haka?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ni ma ban sani ba."

Ana cikin haka wani dattijon tela ya shigo da 'yar robarsa ta ƙanƙara. Shekara goma sha ɗaya a nan yake karɓar allurarsa. Ya leƙa ya ga kwalaben allurar a jere, garau da su.

"Baba, yau ba zan ba ka ba."

"Ga su can ina gani, 'yata. Tawa ta ƙare tun jiya."

"Da mai kyau da lalatacciya kamarsu ɗaya. In na ba ka, sai jikinka ya gaya mana wacce ce."

Ya roƙa, ya yi fushi, ya ce ba zai iya layin asibiti ba da waɗannan ƙafafun. Ta tsayar da mai babur, ta rubuta takarda ga mai ba da magani na can, ta riƙe dattijon har ya hau. Sannan ta kwashe kwalaben cikin kwali, ta rubuta "Ba a amfani da su" da jan biro. Gidajen da na cike ba ta goge su ba. Layi ɗaya ta ja a kai, ta rubuta gaskiyar abin da ya faru, ta sa hannu, domin masu duba kantuna za su karanta. Ba ta zage ni ba. Wallahi da zagin ta yi da ya fi min sauƙi.

Bana 'yar ta sake haihuwa. Na je na ce yanzu na san maɓallin, ta ba ni makulli ta tafi.

"Na san kin iya," ta ce. Ta miƙo min ƙullin kayan jariri in kai wa mai jegon.

Da na isa na kira ta a waya mai hoto, na nuna mata fuskar jikan. Tana dariya tana share ido, tana cewa hancin kakansa ne sak. Can na ga ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

"Riƙe min shi haka, kar ki kashe," ta ce.

Ta kifa wayar a kan kantar. Na tsaya riƙe da yaron, allon ya yi baƙi, ina jin takunta ta nufi firji.