Sanhon Malam Mudi da Akuyarsa Kyalla

Malam Mudi na Maska maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka wannan labari ba ji na yi ba, da idona na gani. Manomin masara ne da waken suya, mai sanyin hali, har ranar da babbar akuyarsa ta daina cin dusa, cikinta ya kumbura, aka yi sauri aka yanka ta. Da mahauci ya farka tumbinta, sai ga dunƙulen baƙar leda kamar ƙwallon yara. Mudi ya tsaya yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Akuyar ta bar 'ya guda, Kyalla, ita kaɗai ta rage masa a turke. Nan take ya rantse leda ba za ta ƙara shiga gidansa ba.

Mun ɗauka zafin rashi ne, kwana biyu zai huce. Ina! Mutumin nan ya kafa kujera a zaure yana caje baƙi. Surukinsa Alhaji Awaisu ya kawo masa goro a leda, sai da ya juye shi a aljihun babbar riga kafin a amsa masa sallama. A kasuwar Funtuwa kuwa, mai tsire ya miƙa hannu zai ɗauko leda, Mudi ya cire hularsa ya tara. Har yau hular nan ƙamshin yaji take yi, kuma a gefena yake tsayawa a sahu. Ni abin haushi yake ba ni, wallahi.

Da matarsa Hansai ta gaji da wankin hula, sai ta tura shi Mahuta wajen Inna Tsohuwa, wadda ita kaɗai ta rage tana saƙa sanho, jakar nan ta kaba da iyayenmu ke zuwa cefane da ita. Ya tarar ta tattara kabarta za ta hura wuta da ita.

"Ɗan nan, wa ke sayen sanho yanzu? Kowa leda," in ji ta.

"Inna, ki saƙa mini guda, don Allah. Rai nake karewa."

Ta saƙa. Ya dawo a bayan ɗan acaɓa yana rungume da shi kamar jariri. Ya iso ana kiran la'asar, sai ya rataye sanhon a inda yake rataye komai tun yana saurayi, wato a kan turke, ya wuce masallaci.

Da ya dawo, hannun sanhon kawai ya tarar yana lilo a bakin Kyalla.

Salatin da ya saki ne ya sa na haura katanga ba takalmi. Na same shi durƙushe yana shafa cikinta, yana cewa, "Malam Sanda, da hannuna na kashe ta." Ya hana kansa abinci, ya zauna gadinta har washegari da hantsi, yana jiran cikin ya kumbura. Ni ma, duk da haushin hular, sai da tausayinsa ya kama ni.

Kyalla ta miƙe, ta yi miƙa, ta zubo kashinta ƙwaya-ƙwaya lafiya lau, ta hau neman wani sanhon. Mudi ya share kashin, ya kai gona ya zuba a gindin masara.

Shekara uku ke nan. Kyalla ta haihu sau huɗu, duk 'ya'yan sun gado ta wajen son kaba. Kowace ranar kasuwa Mudi yana Mahuta sayen sabon sanho, Inna Tsohuwa har ta ɗauki jikarta Kausar tana koya mata saƙa don aikin ya yi mata yawa.

Na taɓa ce masa, "Malam Mudi, ka kafa ƙusa a bango mana, ka daina ratayewa a turke."

Ya dube ni ya ce, "In na kafa ƙusa, Inna ta ci me?"