Notin da Ya Ƙi Fita

Laifina ne, ba na aljanu ba, ba kuma na mamacin ba. Na san haka tun ranar da abin ya faru, amma na ja bakina na yi shiru.

A shekarun farin nan ina gyaran rediyo a zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Ban koyi aikin a hannun kowa ba. Samarinmu duk sun tafi ci-rani Kudu, kuma in za su yi saƙo gida, muryarsu suke ɗauka a kaset su bai wa direba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Inna muke ce mata, ta kawo min rikoda naɗe a zani. Ɗanta tilo ya rasu a can ci-rani. Kaset ɗinsa na ƙarshe ne ya maƙale, rikodar ta tauna zaren.

Ta ce, "Ɗan nan, a hankali. Abin da ya rage min ke nan."

Dole sai an buɗe bayan rikodar. Notuna duk suka fita, ban da ɗaya da tsatsa ta kama. Sukudirebana bai zauna masa ba, amma na danna na yi ta murɗawa, har tsagar kansa ta shafe ya koma sumul. Da na ɗiga masa kananzir ya kwana, ko na jira ranar kasuwa na kai wa masu gyara, da an wuce wurin. Girman kai ya hana ni. Na cusa ƙusa a garwashi ta yi ja, na ce bari in narka robar da ke kewaye da notin. Notin ya fita, amma ƙusar ta zarce ciki har ta taɓa kaset ɗin. Zaren ya yamutse, wani wuri ya tsinke. Na liƙe shi da jan farcen matata.

Inna ta dawo bayan azahar. Gari tsit, ko akuya ba ta kuka. Na kunna. Da farko muryar ta fito sarai, yana gaishe ta, yana tambaya ko an yi shuka. Can sai ta soma ja, ta yi kauri kamar daga cikin rijiya. "Innaaa..." Sai nishi mai tsawo, sai shiru.

Ta dafa bango. "Da ba haka yake ba. Me ya same shi?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani, Inna."

Ta tafi da zaton cewa ɗanta bai samu kwanciya a kabari ba. Duk Juma'a sai ta ɗebi ɗan geron da ya rage a rumbunta ta yi gumba ta rabar sadaka, ta dawo ta kunna ta ji ko an sassauta masa. Danga ce kawai tsakaninmu, ina ji. Mata suka daina bin lungun in za su rijiya. Ni da na san ƙusata ce, ni ma tsigar jikina tashi take yi.

Wata rana da hantsi na ji nishin nan a cikin zaurena, rediyoyi duk a kashe. Na leƙa ta danga. Inna ba ta nan, ƙofarta a rufe. Na hangi rumbun a buɗe, an share shi tas, kaskonta kuma dusa ce a ciki.

Na lalubo notin a gwangwanin tarkacena, har yanzu da narkakkiyar roba a wuyansa. Na jira ta dawo daga tsinkar tafasa, na durƙusa na ajiye shi a gabanta.

"Inna, ba azaba ba ce kike ji. Ni na ƙona zaren da ƙusa mai zafi, wajen cire wannan. Na bar ki kina ba da abincinki don ina jin kunyar a ce ban iya ba. Na cuce ki, na cuci ɗanki. Don Allah ki yafe min."