Naman da aka ba Illa

Har yau ban iya mantawa da ranar da na kalli jini a madubin ƙara girma na labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Tasawa.

Shekarar fari ce, sojoji na mulki. Labo ɗinmu na jami'a ya tura ni wani ƙauye a arewacin Issawane, inda shanu ke faɗuwa, in ɗebo jini. Ƙa'ida na bi ta duka: safar hannu, kwalba cikin kwalba cikin akwatin ƙanƙara, ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a kan takalmi. Illa ne direbanmu, mutumin Tasawa, mai 'ya'ya biyar.

Saniyar da na ɗebi jininta tana gab da mutuwa, sai masu ita suka yanka ta don kada ta zama mushe. Da za mu tafi, maigari ya miƙa wa Illa cinya guda, rabon baƙo. Na gani. Na ji kunyar mayar da kyauta a shekarar yunwa, na ce a raina ai yunwa ce ta kayar da saniyar.

A Tasawa Illa ya sauke ni a ƙaramin labo don duban farko kafin a wuce da akwatin jami'a, shi kuma ya tafi gida. A madubi na ga ƙwayoyin sun jeru kamar karan da aka karya gaɓa-gaɓa. Ciwon saifa ne, wanda ke kama mutum ta nama, ko ta rauni a fata.

Da gudu na isa gidansa. Tukunya na kan wuta, matarsa Rabi tana wanke wuƙa. Na ce a ƙone naman da faifan da aka ɗora shi, a binne tokar.

Illa ya dube ni ya ce, "Malam, a gabanka aka ba ni. Me ya sa ba ka ce komai ba?"

Na duba hannun Rabi, na ga yanka sabo a yatsanta.

Likita ya fara ba ta magani a ranar. Komawa ƙauyen kuwa sai da izinin perefe, shugaban yankin, wanda soja ne. Ya ce kada kalmar annoba ta fito daga bakina, amma ya sa hannu. Mun tarar an riga an ci naman, mutum biyu na kwance. Kowace safiya na riƙa zuwa duba yatsan Rabi, ina tsoron baƙin ƙurji. Bai fito ba. Ɗaya daga cikin mutanen ƙauyen bai tashi ba.

Yanzu ina cikin kwamitin da ke sa ido kan tsaron labo. Takardunmu sun yi maganar kwalba da safar hannu, babu wadda ta yi maganar direba ko kyautar maigari. Na sa an ƙara layi guda: a bincika abin da ya shiga mota. Ɗalibai kan yi murmushi in sun karanta shi. Ni kuwa in na karanta, tambayar Illa nake ji.