Hannun da Baba Haladu Ya Ɗaga

Ranar Litinin da safe ina tsaye a bakin aji, ina jiran ɗalibai su gama kwafar abin da ke kan allo, sai wayata ta yi ƙara. Sunan Hajara na gani, ita da ta yi watanni ba ta neme ni ba. Na ɗauka da fara'a, har na fara yi mata tsiya cewa ashe tana da lambata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Kabiru, Baba Haladu ya rasu. Bayan sallar asuba ya faɗi. Ƙarfe goma za a kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, ita kuwa ta kashe wayar ba ta jira wata magana daga gare ni ba. Na san dalilin da ya sa ba ta jira ba, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Haladu ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe ƙofofin ruwa da rufe su a kanal ɗin da ke shayar da gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure. Bayan ya bar aiki ne ya zama mai jan ragamar taronmu na mako-mako, mu masu rubuta kundin sani na Hausa a intanet, wanda kowa ke iya sa hannu a ciki kuma ba a biyan kowa. Ta waya ake taron, kowa daga inda yake.

Ni na koya masa aikin, kuma na daɗe ina taƙama da hakan. Wata rana ya zo makarantar da nake koyarwa a kan kekensa, ya ce an gaya masa ina cikin masu wannan rubutu. Ya miƙo mini waya, ya nuna shafin ƙauyensu. An ajiye ƙauyen a gabas da kanal alhali yana yamma, an kuma ce gero kaɗai suke nomawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Baba, kowa na iya rubutawa."

"To ashe kowa na iya gyarawa. Matsa mini in zauna."

Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, yana karanta kowace kalma a fili kafin ya wuce ta. Kafin a yanke alkamar waccan shekara ya gyara shafin ƙauyensu da na maƙwabta, ya kuma fara jawo mutane. Shi ya kawo Hajara, mai sana'ar turara shinkafa a wani ƙauye bayan Bunkure, wadda ta gama sakandare kuma ta san shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, fiye da duk wani littafi da na taɓa karantawa. Shi ya kawo Buba, makiyayi kuma manomi daga wata ruga ta wajen Garun Mallam. Da ya ga waɗannan mutane ba za su iya barin tukunya da garke su tafi Kano neman horo ba, sai ya ce a riƙa haɗuwa ta waya duk Asabar bayan la'asar, lokacin da kowa ya dawo daga aiki.

A kan simintin wata tsohuwar ƙofar ruwa yake zama ya buɗe taron, domin nan ne sabis ya fi kamawa. Muna jin ruwa na gudu a bayansa, wani lokaci da injin ban ruwa. Yana da tsari guda da ba ya sauyawa: wanda sabis ɗinsa ya fi rauni shi ke fara magana, tun kafin layi ya yanke masa. Mu na cikin gari mu ne ƙarshe. Yakan ce, "Shekarun da na yi a bakin ruwa abu ɗaya suka koya mini. In kana son sanin ko ruwa ya isa, kada ka tambayi mai gonar farko. Je ka wurin na ƙarshen kanal." Saboda haka kullum Hajara ce farko, sai Buba.

Taron ba ya rasa raha. Wata Asabar Buba na bayani kan bambancin farar saniya da ja, sai wata ta yi kuka dab da wayarsa.

Baba ya ce, "Buba, kai ne mai jawabin ko ita?"

"Baba, ƙyale ta, gyara ta yi mini. Ta fi ni sanin danginta."

"To tambaye ta a wane littafi ta gani, sai mu sa."

Wannan tambaya ita ce sandarsa. Duk abin da ka kawo sai ya ce, "A ina ka gani?" In ka ce ji ka yi, sai ya ce, "Madalla, ajiye shi, mu nemo wanda ya rubuta." Ni kaina bai ƙyale ni ba. Na taɓa rubuta lokacin shukar alkama daga wani littafi da aka yi don wata ƙasa daban. Bai ce komai ba a taro. Washegari ya tako keke har makaranta, ya ja ni gefe inda ɗalibaina ba za su ji ba, ya ce, "Malam, in muka shuka a watan da ka rubuta, ciyawa za mu girba." Sai da na gyara a gabansa, sannan ya sha ruwa ya tafi. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Haƙurinsa kuwa har haushi yake ba mutane. Layin Hajara yakan yanke tana tsakiyar jimla, sai taro ya yi tsit. Wani ya ce a wuce gaba. Baba ya ce, "A'a, tana hanya." Mu zauna muna sauraren ruwa har ta hau tudun bayan gidansu ta dawo ta ƙarasa.

Daga nan labarin ya daina daɗi, kuma ina roƙon 'yan uwana na taro su karanta har ƙarshe.

Taron ya yi suna. Mutane suka fara shigowa daga Dawakin Kudu da cikin birni, ɗalibai da malamai, masu kwamfuta da sabis mai ƙarfi. Ni na gayyato da yawansu, kuma na ji daɗin zuwansu, domin duk abin da zai sa matashi ya zauna ya karanta ya rubuta da harshensa ina sonsa. Ba a daɗe ba suka fara gunaguni. Ana ɓata lokaci, ba a da ajanda, ana jin kukan shanu. Wani mai babban karatu da muke kira Dakta ya kawo shawara: a mayar da taro ƙarfe goma na safe, kowa ya buɗe kyamara, kowa minti biyu, wanda bai buɗe kyamara ba a rufe muryarsa sai an zo ƙarshe, kuma mai kwamfuta ne zai riƙe taro. Aka jefa ƙuri'a. Na zaɓi sabon tsari, aka kuma zaɓe ni in riƙe.

Baba ya kira ni da yamma. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam Kabiru, ƙarfe goma fa ruwa na cikin gona. Buba na daji, Hajara na gaban wuta. Kyamara kuma sabis ɗinsu ba zai ɗauka ba."

Na ce, "Baba, ai sai an ci gaba."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa, ga mutumin da ya rufa mini asiri a gaban ɗalibaina. Sai ya karanto mini lambar sirrin buɗe taron, harafi bayan harafi, ya ce Allah ya taya ni riƙo.

Abin da ya faɗa shi ya faru. Buba ya shigo sau biyu bai sake ba. Hajara ta yi ta gwadawa, da ta buɗe kyamara sai layi ya fitar da ita, har ta gaji. Sauran mutanen ƙauyuka suka zube ɗaya bayan ɗaya. Na gani. Na riƙa ce wa kaina za su dawo bayan girbi, aka yi girbi aka sake shuka ba su dawo ba. Taro ya cika da fuskoki masu tsabta, muna gamawa a kan lokaci, kuma shafukan ƙauyukan nan suka tsaya a inda aka bar su.

Baba kaɗai bai daina zuwa ba. Wayarsa ba ta iya kyamara, don haka sunansa na can ƙasa, muryarsa a rufe. Akwai alamar ɗaga hannu da mai son magana ke dannawa. Kusan kowace Asabar yana danna ta, kuma kusan kowace Asabar lokaci na ƙarewa kafin a iso gare shi.

Asabar ɗin ƙarshe, kwana biyu kafin rasuwarsa, tun da aka buɗe taro hannunsa ke sama. Mu kuwa muna muhawara kan launin da za a yi wa hoton sanarwar taro, kore ko shuɗi. Ina ganin ɗan hannun nan a gefen sunansa duk tsawon lokacin. Da agogo ya cika na ce, "Baba, mun gan ka, mako mai zuwa in sha Allah da kai za mu fara." Na rufe taron. Ko don ya yi mana sallama ban buɗe muryarsa ba.

Kafin mu dawo daga maƙabarta, zauren saƙonninmu ya cika da yabo. Uban tafiya, gwarzo, bango. Waɗanda suka ce ana jin kukan shanu su ne suka fi kowa tsawon rubutu. Dakta ya kawo shawarar a sa wa taron sunan marigayi. Ban ga laifinsu fiye da nawa ba. Su ba su san shi ba. Ni na san shi, kuma maɓallin buɗe muryarsa yana hannuna.

Ranar sadakar uku na nemi izini na gaisa da matarsa, Inna Ladi, daga bakin ƙofar ɗakinta. Bayan ta'aziyya na kasa daurewa, na ce, "Inna, ko Baba ya gaya miki abin da yake son faɗa mana ranar Asabar?"

Ta ce, "Ai ba na Asabar ɗin nan ba ne kaɗai. Ya daɗe yana ɗauke da shi."

Ta ce tun da mutanen ƙauye suka daina shiga, sai ya riƙa bin su a keke cikin mako. Ya je wurin Hajara, ya je ruga, ya je har wajen Madobi. Duk gyaran da suke da shi da sabon abin da suka samo, ya rubuta a wani littafi, kowa da shafinsa da sunansa. So yake ya karanta mana a taro, a taya su nemo inda aka rubuta, a shigar. Ta ce ta taɓa ce masa ya shigar da kansa mana ya huta, ya ce ba zai sa aikin wani a ƙarƙashin sunansa ba.

"Duk Asabar sai ya ɗauki littafin ya tafi bakin ruwa. In ya dawo in ce, Malam, yau an ba ka dama? Ya ce yaran suna da abubuwa da yawa. Da ƙafarsa mai ciwo fa."

Na ce, "Inna, a ba ni littafin, ni zan karanta wa taro."

Ta ce, "Kabiru, shi bai riƙe ka ba, ko sau ɗaya ban ji ya ambace ka da mugun abu ba. Ni ce ban kai shi haƙuri ba. Hajara zan ba."

Ban yi gardama ba, domin ta yi daidai. Na kira Hajara daga baya na roƙe ta su dawo, na ce za a mayar da taro bayan la'asar, a cire dokar kyamara. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Za mu yi shawara, Malam." Har yau ba ta kira ba, kuma ba ni da bakin matsa mata.

Don haka ga abin da nake sanar da 'yan taro. Na ajiye riƙo. Lambar sirrin na aika wa Hajara, ta yi amfani da ita ko ta bar ta. Ina kuma roƙo kada a sa wa wannan taro sunan Baba Haladu, domin taron da ya kafa ba shi ne wanda muke yi ba. Ku kuma ɗalibaina da na jawo cikin wannan aiki, na koya muku yadda ake kafa hujja da yadda ake tsara shafi, kun iya. Abin da ya fi wannan ban koya muku ba, don ni ma ban riƙe shi ba, ga shi mai koyarwar ya tafi.

Allah ya jiƙan Baba Haladu, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa duk gonar da ya buɗe wa ruwa da duk harafin da ya gyara su zama shaida a gare shi. Allah ya ba Inna Ladi da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ya tsare musu mutunci, ya haɗa su da waɗanda za su fi mu sanin darajarsa. Mu da muka rage, Allah ya yafe mana haƙƙinsa da ke wuyanmu, tunda ba mu da sauran hanyar neman yafiyarsa. Ya Ubangiji, bawanka ya zo gare ka. Ka karɓe shi da rahamarka, kada ka sa shi jira. Amin.